Zuwa ga Edita: Matsattsun takalma suna karkatar mana da yatsun ƙafa

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, ya jama'a, ya ƙoƙari. Allah ya ƙara wa wannan jarida tamu albarka. Dan Allah ɗan fili nake roƙo in yi magana a kan wata matsala da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, matsalar ƙullutun nan da ke fitowa a gindin babban yatsan ƙafa, wanda za ka ga yatsan ya karkace ya kwanta a jikin na kusa da shi, wani ma har ya hau kansa ko ya shige ƙarƙashinsa. Likitoci suna ce masa baniyon. Mutane da yawa suna fama da shi a garin nan, musamman iyayenmu mata da ƙannenmu, amma kowa ya yi shiru yana ɗingishi abinsa saboda ana ganin ai ƙafa ce, ba abin zuwa asibiti ba ne.

Ni sana'ata ɗinkin takalma ce a nan cikin Jos, gado na yi wajen mahaifina, kuma ƙa'idar da na taras ita ce duk wanda za a yi wa takalmi sai ya cire na ƙafarsa ya tsaya a kan kwali a zagaye ƙafar da biro. To wanda yake wannan aikin kullum dole ya san ƙafafun mutane, kuma wallahi abin da nake gani a kan kwalin nan yana tayar min da hankali. Dattijo zai zo daga ƙauye ya kawo kabeji da karas kasuwar Farin Gada, ya biyo a gyara masa takalminsa, in ka kalli ƙafarsa duk da faso da kaushi za ka ga gabanta ya fi ko'ina faɗi, yatsu biyar kowanne a wajensa, tsakanin babban yatsa da mai bi masa har sai ka iya zura ɗan yatsan hannunka ba tare da ka taɓa ko ɗaya ba, babban yatsan nan a miƙe sambal yana kallon gaba. Sai kuma yarinya 'yar shekara ashirin da 'yan kai ta zo, ma'aikaciyar banki ko malamar makaranta, ƙafa sumul ta sha lalle da mai, amma zanen da biro zai fitar gabansa a tsuke yake, yatsun sun cure wuri ɗaya, ga ƙashi ya turo a gefe fatar wajen ta yi baƙi ta yi kanta. In ka ɗan taɓa wajen sai ta janye ƙafar. In ka tambaya sai ta ce ai tun tana sakandare yake mata zafi, ta saba.

Abu na farko da nake so jama'a su gane shi ne wannan ƙullutun ba ƙari ba ne, ba kuma wani sabon ƙashi ne ya tsiro ba. Ƙafar mutum ɗaya tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, kuma a bayan babban yatsa akwai wani dogon ƙashi da ya taho daga tsakiyar ƙafa, shi ne yatsan yake zaune a kansa. Idan yatsan ya karkata ya nufi wajen 'yan uwansa, sai shi wancan dogon ƙashin ya buɗe ya nufi ɗaya ɓangaren, to kansa ne kake gani ya turo fata. Gaɓar ce ta goce daga mazauninta. Kuma abin da ya sa yake ƙaruwa da shekaru shi ne jijiyoyin da ke jan yatsan sun riga sun sauka daga layinsu, duk takun da mutum ya yi sai su ƙara jansa gefe, ita kuma tsokar da ke gefen ƙafa ta ciki wadda aikinta ta riƙe yatsan a miƙe sai ta yi rauni ta zame ƙasa. A asibiti idan an ɗauki hoton ƙashi ana auna karkatar ne, ƙasa da digiri 15 lafiya ce, in ta wuce 40 to abin ya yi tsanani.

A nan Jos kuwa kome aka samu a gaɓa sai a ce sanyi ne. Gaskiya muna da sanyi, babu mai musu, wanda ya kwana a garin nan a Disamba ya sani, kuma sanyi yana iya sa gaɓa mai ciwo ta ƙara tsami, amma ba shi ne ya karkatar da yatsan ba. Wasu kuma sai a ce jifa ne, ko ta taka wani abu da aka binne, a kai baiwar Allah a yi mata tsaga a kan ƙashin a shafa magani, ko a kai ta wajen maɗori ya murɗe yatsan da ƙarfi ya ɗaure. Na ga ƙafar da aka yi wa tsaga har tabo ya zagaye ƙullutun, ƙullutun yana nan inda yake, sai dai an ƙara mata wani ciwon. Dan Allah a daina. Ba karaya ba ce ba targaɗe ba ne, kuma reza ba ta mayar da gaɓa.

Dole in faɗi gaskiya cewa akwai gado a ciki. Yawancin masu shi in ka bincika za ka samu uwa ko kaka ko gwaggo tana da shi, domin siffar ƙafa ana gadonta, mai shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa da mai sakakkun gaɓoɓi sun fi saurin kamuwa, haka mai amosanin gaɓɓai. Akwai ma wanda bai taɓa sa matsattsen takalmi ba kuma ya samu. Amma abin da ka gada shi ne sauƙin kamuwa, takalmi kuma shi ne yake ingiza abin ya fito da wuri ya yi muni ya dinga zafi, kuma gado ba a hannunka yake ba, takalmi kuwa kai ne ka ciro kuɗi ka saya.

Ba ni kaɗai na lura da haka ba, masana sun daɗe da aunawa. A 1958 wasu likitoci biyu a Hong Kong sun kwatanta ƙafafun masu sa takalmi da na waɗanda ba sa sawa, cikin masu takalmi kusan 33 cikin ɗari yatsansu ya karkata, cikin marasa takalmi kuwa bai ma cika 2 cikin ɗari ba. A 2021 kuma masu bincike sun duba ƙasusuwan mutum 177 da aka binne a Kambirij ta Ingila ɗaruruwan shekaru da suka wuce, waɗanda aka binne tsakanin ƙarni na 11 da na 13 kashi 6 cikin ɗari ne kawai suke da shi, amma na ƙarni na 14 da na 15 ya kai kashi 27, kuma a daidai lokacin ne aka yi yayin wani takalmi mai dogon tsini a ƙasar, har sai da sarkinsu ya kafa doka a 1463 ta rage tsawon tsinin. Abin da ya fi jan hankalina a wannan binciken shi ne maza ne suka fi yawa, saboda su ma suna sa mai tsinin, kuma an ga alamar karaya irin ta faɗuwa ta fi yawa a jikin masu karkataccen yatsa. Wannan ba abin mamaki ba ne, babban yatsa shi ne yake tura mutum gaba a kowane taku kuma shi yake taimaka maka ka tsaya daram, in ya kauce tafiya ma sai ta canza. A zamaninmu kuma wani nazari da aka yi a Ostireliya a 2010 wanda ya haɗa bincike-bincike daga ƙasashe da yawa ya nuna kusan kashi 23 cikin ɗari na masu shekara 18 zuwa 65 suna da shi, waɗanda suka haura 65 kuma ya wuce kashi 35, mata sun ninka maza har da ɗoriya.

To mu Hausawa ai da ba mu da wannan damuwar sosai. Takalminmu na gado buɗaɗɗe ne, faɗe ne da ire-irensa da dukawa ke yankawa daidai tafin ƙafar mai shi, a gida kuma a cire, a masallaci a cire, gaban manya a cire, zama a tabarma. Har gobe in ka je Naraguta a nan Jos za ka ga masu aikin fata suna yin irin wannan. Yanzu ne muka koma sayen abin da aka ƙera wa wata ƙafar da ba tamu ba.

Inda abin ya fi min ciwo shi ne lefe. Kowa ya san yadda ake yi, ƙannen ango da gwaggonninsa su tafi kasuwar Terminus ko su yi oda daga Kano, a tambayi lambar amarya ta waya, a ce 39 ce, shi ke nan sai a jido takalma da jakunkuna saiti-saiti, abin da ake dubawa kawai kala ta shiga da leshi, duga-dugai su yi tsawo, gaba ya yi tsini, don ranar da aka buɗe akwati 'yan kallo su ce an yi bajinta. Babu mai tambayar faɗin ƙafarta. Lamba tsawo kawai take nunawa, mutum biyu masu 39 ɗaya ƙafarta siririya ce ɗaya kuma faffaɗa, kuma yawancin 'yan matanmu da suka tashi da silifas ƙafarsu faffaɗa ce. Amarya kuma kunya ba za ta bar ta ta ce ya matse ta ba, kar a ce ta raina kayan dangin miji, haka za ta cusa ƙafa ta yi kamu ta yi dina ta yi walima, tana tsaye awa da awanni ana hoto, yatsu biyar a cunkushe kamar fasinjan tasin Bukuru da aka loda huɗu a baya. Bayan biki kuma takalman nan su ne na fita unguwa har shekara biyu ko uku. Sai ciki ya zo, kuma mata sun sani ƙafa tana ƙara faɗi da tsawo lokacin goyon ciki saboda nauyi da sakin da gaɓoɓi ke yi, wata ma ba ta komawa yadda take ko bayan haihuwa, amma takalmin lefe dai shi ne, ba za a yar ba tunda da tsada aka saya. Daga nan ake kawo min su a leda a ce Malam dan Allah a buɗa min gabansa. Wani yana buɗuwa kaɗan in fata ce ta gaske, na roba kuwa babu yadda za ka yi da shi.

Takalmi mai tsinin dunduniya illarsa biyu ce, ga matsi a gaba, ga shi kuma ya ɗaga diddige ya zuba nauyin jiki kaf a kan gindin yatsu, ƙafar tana ta zamewa tana cusa kanta cikin tsinin. Ba na ce mace kar ta yi kwalliya ba, a'a, ranar biki ta sa na awa biyu ta zo da wani mara tudu a jaka ta canza, wannan ba zai kashe ƙafa ba. Na kullum ɗin ne matsala, na zuwa ofis da makaranta da kasuwa.

Maza ma kar mu ɗauka mun tsira. Sau-cikin nan mai dogon baki da samari ke sawa da shadda ranar Juma'a da ranar ɗaurin aure shi ma haka yake yi, ga masu kaki da ke yini cikin but tun asuba.

Sai yara, kuma nan ne nake roƙon iyaye su saurare ni da kyau. Ƙashin ƙafar yaro bai gama ƙwari ba sai ya kusa shekara ashirin, yana ƙarami yawancinsa guringuntsi ne, duk yadda takalmi ya matse shi haka zai bi, kuma sau da yawa yaro ba zai ce yana jin zafi ba. Na san halin da ake ciki, kuɗin makaranta ya yi tsada, ga littattafai ga yunifom, shi ya sa uba zai je kasuwar Katako ya zaɓo gwanjo ya ce wannan sai ya yi maka shekara biyu, ko ƙani ya gaji na wansa ko ya yi masa ko bai yi ba. Gwanjo ba laifi ba ne, akwai masu kyau da faɗi a ciki fiye da sababbi ma, amma a tafi da yaron ya gwada a tsaye da safar da zai dinga sawa, kuma duk farkon zango a duba, a danna gaban takalmin da babban yatsan hannu, in babu sarari to ya yi kaɗan ko da bai yage ba. Makarantun kuɗi kuma da ke tilasta wa yara baƙin sau-ciki iri ɗaya, wasu ma a wajensu za ka saya, har a kori yaro gida in ya zo da sandal, ina roƙonsu su sassauta. Sandal mai faɗin gaba da maɗauri a baya ya fi wa ƙafar yaro lafiya nesa ba kusa ba, kuma ya fi wa iyaye araha.

Ga yadda mutum zai gane takalminsa ya yi masa ko bai yi ba, ba sai ya zo wajenmu ba. Ka samu kwali ko takarda ka tsaya a kai, a tsaye fa ba a zaune ba, don ƙafa tana bajewa in nauyi ya hau ta, wani ya zagaye maka da biro, sannan ka ɗora takalmin a kan zanen. Duk inda ka ga layin biro ya leƙo ta gefen takalmin, to wannan naman da ƙashin kake dannewa kullum. Yawancin mutanen da na sa suka yi haka sai ka ga sun riƙe baki. In za ka saya ka je da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka gwada duka biyun don da wuya ka samu ƙafafu biyu daidai wa daida, ka sayi na babbar. A bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi, ka tabbata kana iya motsa yatsunka a ciki, wajen da ya fi faɗi ya kasance a wajen yatsu. Kuma in mai shago ya ce maka sa shi kawai zai buɗe, ka ajiye masa kayansa, kafin takalmin ya buɗe ƙafarka ce za ta fara ba da kai. Silifas mai igiya tsakanin yatsu ya fi matsattse sau dubu, sai dai in tafiya mai nisa ce yana sa yatsu su dinga ƙanƙamewa don kar ya fice, mai maɗauri a baya ya fi.

'Yan uwana masu wannan sana'a, mu ma da namu. Katakon ƙafar da ake gina takalmi a kansa yawanci mai tsukakken gaba ake kawowa kasuwa, kowa kuma shi yake bi saboda shi kwastoma ya gani a waya. Ba wani abu ne mai wuya ba ka ƙara fata ko roba a gefen katakon ka faɗaɗa gabansa, ko ka yanka tafin daidai zanen mai shi. Wannan ne ma abin da muka fi kamfani da shi, mu muna ganin ƙafar da idonmu. In mai ƙullutu ya zo a zaɓa masa fata mai laushi, kar ɗinki ko igiya ta bi ta kan ƙashin.

Game da tafiya ba takalmi, ina goyon baya ɗari bisa ɗari amma da sharaɗi. Ƙafar da ke taka ƙasa kai tsaye yatsunta suna bajewa suna aiki, ƙananan tsokokin tafin ƙafa suna ƙarfi, wadda kuwa ke ɗaure cikin takalmi tun safe har dare sai su yi laƙwas. A cikin ɗaki, a tsakar gida mai shara, a kan tabarma ko yashi mai tsabta, a saki ƙafa ta sha iska, yara ma a bar su su yi wasansu haka a inda aka tabbatar babu kwalba babu ƙusa. Lokacin hunturu da simintin Jos ke zama ƙanƙara a sa safa mai faɗi, don matsattsiyar safa ma tana cure yatsu, mutane ba sa lura da wannan. Wanda kuma ya shekara da shekaru cikin takalmi mai tudu kar ya tashi rana ɗaya ya ce ya koma ƙafa a ƙasa yini guda, agararsa da tafin ƙafarsa za su yi tsami ya ce abin ƙarya ne, a bi a hankali, kaɗan yau a ƙara gobe.

Sharaɗin kuwa ga shi, kuma dan Allah Malam Edita ko za a rage wasiƙar nan kar a cire wannan wajen. Mai ciwon suga kar ya yi tafiya ba takalmi, ko a cikin ɗakinsa. Suga tana kashe jijiyoyin ji na ƙafa, mutum zai taka ƙaya ko garwashi bai sani ba, ɗan ciwo ya ƙi warkewa ya zama gyambo, daga nan ake kai wa ga yanke ƙafa. Shi nasa faffaɗan takalmi ne mai laushi a rufe, ya zazzage shi kafin ya sa, ya duba ƙafarsa kullum har tsakanin yatsu. Haka kuma ban ce a shiga gona ko jeji ko bayan gida ko bakin kwata ba takalmi ba. Akwai tsutsar ciki da ke shiga ta fatar ƙafa daga ƙasar da aka yi bahaya a kai ta dinga shan jinin yaro, akwai jiga, ga kuma maciji, mutanen Langtang da Shendam sun san abin da kububuwa ke yi wa manoma lokacin aikin gona. A can dogon but na roba shi ne daidai, a dai sayi mai faɗi.

Motsa yatsu kuma ba ya cin ko sisi. Ka zauna ƙafa a ƙasa, diddige da gindin yatsu a dafe, ka ɗaga yatsun duka ka baza su iyakar iyawarka, sai ka sauke ƙaramin ta gefensa, ka sauke babban ta nasa gefen kana ƙoƙarin nesanta shi da sauran, ka riƙe kamar daƙiƙa 5 ka saki, ka maimaita sau 10. Ranar farko zai yi wuya yatsan ya ji maganarka, za ka ga kana ba shi umarni ya ƙi motsi, wani har tafin ƙafarsa ya ɗaure, kar ka karaya, tsokar ce ta daɗe ba ta aiki, in an jure sati biyu uku za a ga ya fara amsawa. Wannan shi ne ya fi muhimmanci don ita tsokar nan ta gefe da ke riƙe yatsan yake tayarwa. Bayan shi akwai ɗaga babban yatsa shi kaɗai sauran na ƙasa, sannan a juya. Akwai shimfiɗa tawul a ƙasa a dinga tattaro shi da yatsu, ko tsintar tsakuwa da ƙafa ana zubawa a kwano, yara suna son wannan sosai. Akwai saƙala robar ɗaure kuɗi mai kauri a manyan yatsun biyu, diddige a haɗe, a buɗa gaban ƙafafun a hankali. Sannan a dafa bango a miƙar da sha-raɓa, domin in ta ɗaure tana ƙara tura nauyi gaban ƙafa. Da dare kuma mutum ya zura yatsun hannunsa tsakanin na ƙafa ya ɗan jujjuya. Mu da muke alwala sau biyar muna tsettsefe yatsu ai mun ma samu lokacin tunawa, in an idar da sallah kafin a mayar da takalmi a ɗauki minti biyu a yi. Da yawa daga cikin dattawan da ke zuwa wajena ba kyan ƙafa ne ya dame su ba, kukansu shi ne ba sa iya kafa yatsan a sujada da zaman tahiya sai da azaba, kuma irinsu ne suka fi riƙe wannan motsin da gaske.

Akwai kuma 'yar robar nan mai laushi da ake sawa tsakanin babban yatsa da na biyu, ana samu a manyan kemis, tana rage gogayya da zafi, amma sai a cikin takalmi mai faɗi, in ka sa ta a matsattse ka ƙara matsi ne kawai. Ranar da wajen ya kumbura a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na 'yan mintuna. Abin da ba na so shi ne yadda ake mayar da maganin kashe zafi irin su diclofenac abincin kullum, a sha da safe a cusa ƙafa cikin takalmin da ya jawo ciwon, wata da watanni, alhali yana iya jawo gyambon ciki ya taɓa ƙoda.

Kar kuma wani ya karanta wannan ya ɗauka na yi masa alkawarin ƙafarsa za ta koma kamar ta jariri. Faffaɗan takalmi da sakin ƙafa da motsa yatsu suna rage zafi sosai, suna ƙarfafa ƙafa, suna rage saurin da abin ke yi, wanda nasa ke farawa kuma gaɓar na da laushi yana iya ganin yatsan ya ɗan dawo. Amma ƙashin da ya shekara ashirin a karkace har ya sandare babu motsin da zai miƙar da shi, haka abin ɗaurin daren nan da ake talla a Facebook da TikTok ana nuna hoton kafin da bayan, ana cewa kwana talatin ya warke, kana cire shi da safe yatsan zai koma inda yake. Kar a cuci mutane. Abin da ke miƙar da ƙashi tiyata ce, a yanka ƙashin a gyara zamansa a ɗaure da ƙusa, kuma ba ƙaramin aiki ba ne, mutum kan yi sati 6 zuwa 12 kafin ya koma bakin aikinsa, kumburi ya ɗauki watanni, kuma yana iya dawowa musamman in an koma wa takalman da. Shi ya sa likitoci ba sa yi don kwalliya, sai in zafi ya hana mutum tafiya ko babu takalmin da ke shiga. Wanda nasa ya kai haka ya je ya ga likitan ƙashi, akwai su a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, can Lamingo, akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, akwai kuma masu gashin ƙashi na asibiti da za su koya masa motsin daidai da ƙafarsa. Wanda kuma ya kwanta lafiya cikin dare gindin yatsan ya kumbura ya yi ja ya ɗau zafi har ko mayafi ba ya so ya taɓa, wannan wataƙila wani ciwon ne daban da ake kira gawut, na taruwar gishirin yurik a gaɓa, maganinsa daban, gwajin asibiti yake so ba canjin takalmi kawai ba.

Roƙona gare ka Malam Edita, ku gayyato likitan ƙashi a shafinku na lafiya ya yi wa jama'a bayanin nan da Hausa har da hotuna, ya gyara min in da gyara, don maganarsa za ta fi tawa shiga. Su kuma iyayenmu mata masu haɗa lefe, ga lokacin bukukuwa na tahowa, in an aika a karɓo awon ɗinkin amarya a haɗa da kwalin da ta taka aka zagaye, a tafi da shi kasuwa a jaka, duk takalmin da za a ɗauka a fara ɗora shi a kai tukuna.

Na gode da wannan fili, Allah ya saka da alheri, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Naku mai karatu a kullum,
wani mai ɗinkin takalma daga cikin garin Jos, Jihar Filato.